Rasidin Mijina Ƙofar Bayi Ne

Shafi na 6

Sau biyu labari yana iske ni a bakin bahon wanki.

Na farko ranar wata Talata ne, wata biyar ke nan. Hannuna cikin kumfa, sai ga mai facin da ke maƙwabtaka da shagon mijina ya faɗo gidan ko sallama babu. Ya tsaya yana kallon igiyar shanya kamar ita ya zo gani. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Ɗauko mayafinki." Daga nan na sani. Baban yara ya faɗi a shago da sandar walda a hannunsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Wannan na ba ku shi tun a shafi na ɗaya, ba zan maimaita ba, don in na fara yau babu rubutu. Masu turo min saƙo wai na cika jan rai, ku yi haƙuri, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan.

Na biyun shi zan ba ku yau.

Ina cikin wankin kayan makarantar yara sai ga ƙanen mijina ya shigo yana kaɗa takarda a sama. Lauya muke ce masa. Bai taɓa taka ƙofar kotu ba, amma tun yana yaro ba a gama musu da shi, sai dai a gaji a tafi. Shi ke riƙe da shagon yanzu, abin da aka samu mu raba, da shi nake ciyar da yara huɗu.

"Matar yaya, ajiye wankin nan. An zo mana."

"Su wa?"

"Kamfanin karɓar bashi. Wai dubu ɗari huɗu suke bin yaya. In ba a biya ba zuwa Juma'a, za su zo da mota su ɗauke injin walda."

"Ƙarya suke."

"Haka na ce ni ma. Sai dai ƙaryar tasu da hatimi."

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo a tsakiya. Injin nan bashi Baban yara ya ɗauko shi a wani kantin injuna. Ya yi ta biya har saura dubu ɗari shida, sai aiki ya tsaya cak. Masu kantin suka gaji da sintiri, suka miƙa bashin ga wani kamfani da ba shi da sana'a sai bin mutane. Kamfanin ya turo mana wani siririn mutum mai jan babur da baƙar jaka. Mai Jaka muke ce masa. Shi ya zauna a bencin shago suka yi sulhu da Baban yara: a biya dubu ɗari huɗu a zubi huɗu, a yafe ɗari biyun, kowa ya kama gabansa. Kuma an biya. Ni na san an biya, don a zubi na huɗu ɗan kunnena ya tafi.

Lauya ya ce, "To ɗauko rasidan mu je mu kunyata su."

Na ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita.

"Matar yaya, da ke nake."

"Babu rasidi."

"Inna lillahi! Mutum ya ba da dubu ɗari huɗu ba takarda?"

"Yayanka ya daina karɓar takarda."

"Saboda me?"

"Saboda ni."

Shekara biyu baya na wanke masa wando da rasidan kantin injuna guda bakwai a aljihu. Suka fito kamar audugar da akuya ta tauna. Sai da ya sake biyan wata guda da ya riga ya biya. Bai yi min faɗa ba, shi ba ya faɗa, kwana uku dai in ya kalle ni sai ya girgiza kai. Daga nan ya ce shi da takarda haihata-haihata.

Shi ya sa ranar sulhu ya jawo wani fallen ƙarfe, ya miƙa wa Mai Jaka alli, ya ce, "Rubuta da hannunka. Kwanan wata, nawa za a biya, nawa aka yafe, ka sa hannu." Mai Jaka yana dariya ya rubuta, a tunaninsa tsumma ɗaya ya ishi alli. Yana ajiye allin Baban yara ya sauke gilashin fuska, ya kunna inji, ya bi rubutun nan harafi-harafi da walda. Kowane zubi haka suka yi. Ranar farko ya dawo gida bakinsa har kunne, ya ce, "Uwar yara, in kin isa ki wanke wannan."

Ina cikin ba da labarin na ga Lauya ya zauna a kan bokiti.

"Wane falle?"

"Wanda ke jingine a bayan inji."

"Mai zane-zanen nan?"

"Shi."

Lauya ya yi shiru. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin shirunsa ba.

"Lauya, ina fallen?"

"Kin san dai ƙarfe ya yi tsada."

"Ina fallen?"

"Kuma kin san yaya ya rasu da aikin mutane a hannu. Tsohon Hedimasta ya biya kuɗin ƙofa, kullum sai ya zo da sandarsa ya tsaya min a ka. Ni na ɗauka yaya hannu yake gwadawa a jiki."

"Kai da ka karanta min takardar kamfani yanzu, ka kasa karanta na yayanka?"

"Kai ƙasa yake jingine, matar yaya. Wa ke karatu kai ƙasa?"

"Ka yi ƙofa da shi."

"Na juya zanen ta ciki, ba a gani daga waje. Har fenti na yi mata, shuɗi."

"Ƙofar ina?"

Ya kalli sama, ya kalli ƙasa.

"Bayi."

Ban ɗauraye kayan ba ma. Na tsame hannuna na ce ya wuce mu je.

Muka sami Hedimasta a baranda yana karanta jarida, tabarau a ƙarshen hanci. Dattijo ne dogo, in ya kalle ka sai ka duba ko farcenka da datti. Lauya ya gyara wuyan riga ya fara.

"Ranka ya daɗe, bisa la'akari da wani al'amari da ya shafi dukiyar marayu, tare da haƙƙin mallaka..."

"Kai, ba kai ka yi min ƙofar nan mai kuka ba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To yi shiru. 'Yata, me ke tafe da ku?"

Na ce, "Baba, bayinka muke son gani."

Ya sauke jaridar a hankali.

Na ce, "Ƙofar. Ta ciki."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ya ɗaga kai sama, ya fara zubowa kamar mai ba da hadda.

"Biyar ga watan ɗaya. Za a biya dubu ɗari huɗu, an yafe ɗari biyu. An karɓi ɗari. Shida ga watan biyu, ɗari. Biyar ga watan uku, ɗari. Bakwai ga watan huɗu, ɗari." Ya dube ni. "Ke ce mai bashin?"

"Mijina ne. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. 'Yata, wata huɗu ke nan kowace safiya ina zaune gaban bashin mijinki. Na tara, na ɗebe, lissafin ya fita daidai. Mutum ne mai cika alkawari, bai taɓa wuce bakwai ga wata ba."

Lauya ya ce, "Amma ai kai ƙasa yake."

"Shekara talatin da biyar ina karanta littafin yara daga ɗaya gefen tebur. Kai ƙasa ya fi min sauƙi. Abin da ya tsaya min a rai layin ƙarshe ne. 'Takardar sallama tana hanya.' Ta iso kuwa?"

"Ba ta iso ba, Baba."

"Na faɗa wa matata. Na ce mata takardar nan ba za ta iso ba."

Na nemi izini na shiga, na turo ƙofar ta yi kukanta. Ga shi nan a ƙarƙashin shuɗin fenti, rubutun ya taso kamar jijiya a bayan hannu. Ni karatuna bai yi nisa ba, balle kai ƙasa, amma na san hannun Baban yara. Duk inda ya ƙare layi yakan ɗan dakata kafin ya ɗaga sandar, sai wurin ya taru ya yi ɗan ƙulli. Haka yake a ƙafar gadonmu, haka yake a kujerar da nake zama in yi girki. Na ɗora yatsa a kan ƙullin zubi na huɗu. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Wata biyar ina riƙe kukan nan saboda yara, sai ga shi ya zo min a bayin mutane.

Aka ƙwanƙwasa. Matar Hedimasta ce.

"Baiwar Allah, in cikin ne, akwai magani."

Da na fito, Lauya ya shiga ya ɗauki hoto da waya, ya tura wa lambar da ke jikin takardar. Sannan ya kira, ya buɗe muryar kowa yana ji. Wata yarinya ta ɗauka da muryar nan tasu mai santsi.

"Ba ma karɓar hoto, yallaɓai. Sai an kawo asalin takardar ofis."

"Asalin yana da ɗan nauyi."

"Ko shafi nawa ne a kawo. Hawa na uku."

Ta kashe. Hedimasta ya ninke jaridarsa, ya miƙe.

"Asali suka ce? Kwance ta."

Matarsa ta dafe ƙirji. "Malam! Ƙofar bayin? Yau fa 'yan uwana za su zo!"

"A rataya zanin gado."

"In da mutum a ciki fa?"

"Ya yi tari." Ya ɗauki sandarsa. "Kuma da ni za a je. Ni na biya kuɗin ƙofar nan. Mutanen da sana'arsu ɗauke kayan jama'a, ba zan aika musu ƙofata ita kaɗai ba."

Muka ɗauki hayar ƙaramar motar kaya. Hedimasta a gaba, ni da Lauya a baya muna riƙe da ƙofa.

A bakin ginin maigadi ya tare mu.

"Masu gyara ta baya suke shiga."

Na ce, "Rasidi muka kawo."

"Ina rasidin?"

Hedimasta ya buga ƙofar da sandarsa, ta yi ƙara har tattabarun saman ginin suka tashi. Maigadi ya dube shi, ya dubi furfurarsa, ya matsa gefe.

Akwatin nan mai hawa da mutane ya ƙi cin ƙofar, sai matattakala. Lauya a sama, ni da direba a ƙasa, Hedimasta a bayanmu yana cewa hagu, dama, ku ɗaga. A hawa na biyu Lauya ya saki hannu ɗaya don ya yi wa direba bayanin yadda ake ɗaukar ƙofa, ta sauko min a babban yatsa. Har yau farcen baƙi ne.

Ɗakin jira cike yake, mutum ya kai ashirin. Kowa da 'yar takardarsa ya ninke ya sake ninkewa, kowa kansa ƙasa kamar gidan makoki. Muna shigowa aka ɗago. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Ƙofa ma sun fara karɓa?"

Wata mata ta ce, "Na shiga uku, ni tawa ta gidan haya ce!"

Yarinyar da ta ɗauki waya ta miƙe daga bayan tebur, bakinta a buɗe.

Lauya ya ce, "Ga asalin. Shafi ɗaya ne."

Ba ta ce mu bi layi ba. Ta ruga ciki.

Manaja mace ce, ba za ta girmi ƙanwata ba, idonta duk gajiya. Na shigo da niyyar in ga mai ƙaho, sai na ga mutum da kofin shayi da ya huce. Aka jingine ƙofar da bangonta, aka juya ta kai ya koma sama. Hedimasta ya ce shi yanzu ba ya gane ta.

Manaja ta danna na'urarta ta ce, "Mama, abin da ke nan shi ne: bashi dubu ɗari shida. An biya ɗari a watan ɗaya, ɗari a watan biyu. Saura ɗari huɗu. Babu maganar sulhu, babu maganar yafiya."

"Ga ta can a ƙofa."

"Ƙofa ba takarda ba ce."

Lauya ya yi tsalle ya shigo maganar. "A ƙa'idar shari'a, duk wani abu mai faɗi da ke ɗauke da..."

Hedimasta ya ce, "Zauna."

Ya zauna.

Hedimasta ya ce, "'Yata, ba a ce ki yarda da ƙofa ba. Ki duba hannun da ke jiki. In ba na ɗan gidanku ba ne, mu ɗauki kayanmu, matata tana jira."

Ta tashi ba da son ranta ba, ta zo gaban ƙofar. Ta karanta layin farko. Ta karanta na biyu. Da ta zo kan sa hannun sai ta sunkuya, ta bi shi da farce. Mai Jaka in zai sa hannu sai ya yi wata doguwar wutsiya ta zagayo ta ƙasa, Baban yara kuwa bai bar ko lanƙwasa ɗaya ba. Ta kira yarinyar ta ce ta ɗauko wani fayil. Aka kawo, ta buɗe, ta kara takarda kusa da ƙarfe. Ta duba nan, ta duba can. Sai ta koma kujerarta ta zauna da ƙarfi.

"Hannunsa ne."

Lauya ya miƙe. "Alhamdu lillahi! Kamar yadda na..."

"Zauna," in ji Hedimasta.

Manaja ta ce, "Hannunsa ne, amma akwai matsala. Mutumin nan ba ma'aikacinmu ba ne."

Na ce, "Ɗan gidanmu ne ke nan?"

"A da namu ne. Mun sallame shi a ƙarshen watan biyu."

"Kun kore shi?"

"Eh. An kama shi yana riƙe kuɗin mutane."

"Kuka gaya wa wa?"

"Mun manna sanarwa."

"A ina?"

Ta nuna bayan ƙofar ofishinta da biro. "A allon nan."

"Mijina a ofishinki yake kwana?"

Ta sauke biron.

Na ce, "Ranar da muka makara kwana ɗaya a kantin injuna, waya ta yi ta kuka har dare. Da bashin ya zo hannunku, kun san shagonmu, kun san gidanmu, kun san lambar ƙanwar mijina da ke wani gari. Amma da kuka kori ɓarawo, duk lambobin suka ɓace?"

"Mama, ki kwantar da hankalinki."

"A kwance yake. Da a tashe yake da ƙofar nan ba a jingine take ba."

Ta ɗan murza goshi, ta jawo takarda ta fara lissafi. "Ki saurare ni. Yafiyar ɗari biyu, ranar da ya rubuta ta ma'aikacinmu ne, kuma yana da izinin yin sulhu. Bai shigar ba ne kawai. Wannan zan kai sama, zan tsaya a kai. Zubi na ɗaya da na biyu sun shigo. Amma na uku da na huɗu ba mu aka ba ba. Wani mutum aka ba a titi."

"Da jakarku."

"Eh."

"Da rigarku mai tambari a ƙirji."

"Rigar ma bai dawo da ita ba."

"To nawa kuke bi yanzu?"

"Ɗari biyu."

Na ce, "'Yar nan, dubi kunnena."

Ta duba.

"Kin ga tsinken da ke ciki? Don kar hujin ya toshe na sa. Ɗan kunnen da ke nan uwata ce ta bar min, ita ma tata uwar ta bar mata. Baban yara bai ce in sayar ba. Ni na cire na ajiye masa a kan gwiwa, na ce je ka gama da mutanen nan mu yi barci. Ya ce in ba shi wata shida zai sayo min wani. Wata ɗaya ya ƙara a duniya. Yanzu ki ce min a titi ya zubar?"

Lauya yana goge hanci da wuyan riga. Hedimasta ya juya yana karanta kalandar bango.

Manaja ta ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Wallahi ba ni na kafa dokar ba. Abu ɗaya zan iya. Zan ɗaga maganar Juma'a, in ba ki kwana talatin. In aka samo mutumin nan ya amsa a gabanmu cewa ya karɓa, tsakaninmu da shi ne, ke kin fita, zan ba ki takardar sallama da hannuna. In ba a same shi ba, ko ɗari biyu ko inji."

"Ni zan nemo muku shi?"

"Mun nema mun rasa."

"Ku? Ku da kuke zaƙulo mutum ko a ramin ɓera ya shiga, kun kasa gano naku?"

Ta ce, "Mama, babur ɗin da yake hawa ma namu ne. Mutum uku na tura. Ɗaya ya same shi, maimakon ya kamo shi sai ya ranta masa kuɗin mai."

Hedimasta ya yi wata dariya ta hanci, ya mayar da ita tari.

Sai ta ce za a bar ƙofar a ofis a matsayin shaida. Nan ne na ga Hedimasta na gaske.

"A bar me?"

"Dole a sa shaida a fayil, Baba."

"Gidana yanzu haka mutum tara ne da zanin gado. Kawo farar takarda da fensir."

Aka kawo. Ya sa Lauya ya danne takardun a jikin ƙarfe, shi kuma ya kwantar da bakin fensir yana gogawa a hankali. Sai ga rubutun yana fitowa fari a cikin baƙi, kwanan wata, kuɗi, har wutsiyar Mai Jaka. Takarda shida ya ci. Ya jera su a tebur ya sa musu lamba, ya ce, "Aji uku nake koya wa wannan da ganyen bishiya."

Manaja ta buga wa takardun hatimi. Ta tsaya da hatimin a hannu tana kallon ƙofar, sai ta taso ta buga mata ita ma a kan shuɗin fenti, ta sa hannu a ƙasa.

Hedimasta ya leƙa ya ce, "Madalla. An ƙara min abin karatu."

Da muka fito da ƙofarmu, matar nan ta ɗakin jira ta ce, "Sun ƙi karɓa?"

Lauya ya ce, "Mun fi ƙarfinsu."

Ni dai lissafi nake yi. Na shiga da bashin ɗari huɗu na fito da na ɗari biyu, kuma ko ɗari biyun ba ni da ita. Ba ni da wani ɗan kunnen.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan cikin talatin. Lambar Mai Jaka a kashe. Gidan da aka kwatanta mana, mai gidan ya ce in mun gan shi mu gaya masa yana binsa kuɗin hayar wata huɗu. Lauya ya zaga tasha uku, ya dawo da labarin musun da ya ci a kowace tasha, babu Mai Jaka. Mai faci ya ce ya ji an ce ya bar gari tun kafin rasuwar Baban yara.

Ni kuwa abin da nake yi kullum shi nake yi. In yara suka tafi makaranta sai in ɗauki makulli in je in buɗe shagon, don Lauya ba ya fitowa sai rana ta take. In share, in tsince guntayen sandar walda in zuba a gwangwani, in ɗauko tsumma in goge injin tun daga sama har ƙafafu. Ban iya kunna shi ba. Gogewar dai na iya. In na gama sai in ce, "To, an buɗe." Ba da kowa nake ba, na dai saba.

Yau da safe ina tsakiyar gogewar na ji babur ya tsaya a bakin shago. Ban juyo ba, na ɗauka masu faci ne. Sai na ji murya.

"Salamu alaikum! Mai walda yana ciki?"

Tsumman ya tsaya a hannuna.

Na juyo. Jan babur. Baƙar jaka. Rigar nan mai tambari, ta koɗe a kafaɗa. Ya ƙara ramewa, amma murmushin yana nan yadda na san shi.

"A'a, uwargida, ke ce da kanki? Kwana da yawa, tafiya ce ta kama ni. Ki ce wa mutumina albishirinsa, takardar sallamarsa ta iso. Sai dai akwai ɗan kuɗin hatimi, ba yawa, dubu ashirin."

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

Na dubi titi. Mai faci yana can ya duƙa a kan taya. Na dubi ƙofar shagonmu, wadda Baban yara ya haɗa da ƙarfe biyu, sakatarta ta waje kamar hannun yaro. Makullin yana ƙuguna.

Na ninke tsumman na ajiye a kan inji.

Na ce, "Yana ciki. Shigo har da babur ɗin, unguwar nan akwai ɓarayi."